Madara a Gindin Kofi

A tashar motar Illela, shekara uku bayan samun 'yancin kai, Malam Mukhtari, malamin firamare, yana zaune a bencin mai shayi, ya baje sabuwar taswirar duniya a cinya. Gobe zai koyar da darasin teku, alhali Tafkin Kalmalo ne iyakar ruwan da ya taɓa gani.

Kusa da shi wani baƙon dattijo ne, dogo, sanye da tsohuwar kwat mai kauri duk da zafin nan. Yatsunsa biyu na hagu guntaye ne. Malam yana zaton sanyi ne ya cinye su. Wataƙila kuku ya yi a jirgin ruwan Turawa.

Dattijon ya ɗora guntun yatsa a can saman taswirar, inda shuɗi ya haɗu da farin ƙanƙara.

"Mi kag gani nan, Malam?"

"Teku ne, Baba."

"Wanda ya zana wannan bai taɓa zura guga ba. Saman ruwan kawai ya zana."

Sai dattijon ya tsiyaya madarar gwangwani a kofinsa na gilashi. Ta ratsa shayin, ta kwanta a gindi, fara fat.

"Haka ruwa mai sanyi da gishiri yake kwance a ƙasan teku. Da kwalba da igiya muka jawo shi."

Motar Kwanni ta cika, dattijon ya tashi bai kurɓi shayin ba. Malam Mukhtari ya dubi taswirarsa mai shuɗi ɗaya tak, ya dubi kofin. Cokali na hannunsa, amma ya kasa motsa shayin.