Suna na Huɗu da Asibi Ba Ta Samu Ba

Asibi Rufa'i Ƙafin Maiyaki tana Fagge, a Kano, ranar Litinin, 18 ga Mayu, 1953. Jinyar goggonta ce ta kai ta, tarzoma ta rutsa da ita. Kwana uku ana faɗa tsakanin mutanen gari da na Sabon Gari, mata duk sun kulle ƙofofi. Ita kuwa ta yafa mayafi, ta ɗauki fensir da littafin da take koyar da matan aure yaƙi da jahilci da shi, ta fita.

Abin da ta gani ta rubuta shi daki-daki. Cikin gawarwakin da aka jera a bakin titi akwai mutum huɗu, 'yan cin rani. Wani ɗan ga-ruwa ya shaida mata cewa mutanen ƙasar Kiru ne, ya gaya mata ƙauyukansu, amma bai san sunayensu ba. Haka aka binne su.

Ta aika labarin ga wata jaridar Hausa. Amsa ta zo a taƙaice: ba a saba karɓar labarin faɗa daga mace ba, sai dai idan ta kawo cikakkun sunayen mutanen huɗu.

Da ta dawo gida Ƙafin Maiyaki, a ƙasar Kiru, ta shiga neman sunayen. Maza suka yi gum, don tsoron kada 'yan doka su ce danginsu ne suka tayar da fitina. Mijinta, Balarabe, ya ce, "Asibi, an fara kirana mijin 'yar jarida a kasuwa." Ta ce, "Ka amsa mana, Malam, ai ba sata aka ce na yi ba."

Cikin gidaje ta bi, inda namiji ba ya shiga. Kafin damina ta wuce ta sami sunaye uku daga bakin ƙannen mamatan. Na huɗun mutumin Ɗansoshiya ne, wanda aka raɗa masa sunan kakansa, saboda haka tun yana goye kowa Baffa yake ce masa. Limamin da ya raɗa sunan ya rasu, tsofaffin gidan ma sun ƙare. Saura mahaifiyarsa, Iya Luba, da matarsa, Dije.

Asibi ta ce, "Iya, sunansa na yanka nake roƙo."

"Ke 'yar nan, boko ya cinye miki kunya? Ɗan fari ne fa, kuma mai sunan surukina. Shekara talatin ban ambace shi ba yana raye, sai yau?"

"To Dije, ke fa?"

Dije ta sunkuyar da kai. "Mai gidan nan dai."

"Kowane gida ai da mai shi, Dije."

"To shi ne namu," in ji ta, ta fashe da kuka.

Asibi ta aika sunaye uku. Jarida ta ce huɗu aka nema, kuma labarin ya riga ya kwana. Duk da haka, kowace kaka sai ta taka zuwa Ɗansoshiya, a ba ta fura, a hana ta suna. Dije ta sake aure, aka tafi da ita Doguwa. Iya Luba ta rasu a 1957.

Ba a taɓa buga labarin ba. Sanƙarau ya ɗauke Asibi a bazarar 1958, tana shirin tafiya Doguwa neman Dije, ta ga ko sabon aure ya sake mata baki ta faɗi sunan.