Na Ɗauka Ɓoye Mini Suke Yi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. Wata takwas ke nan ba ku ji ɗuriyata ba. Masu cewa Malama ta yi fushi, ba fushi ba ne, kwance nake.

Da kafaɗu abin ya fara. Na wayi gari a gidana na Bosso hannu ya ƙi ɗaguwa, ɗankwali ma ya gagare ni ɗaurawa. Sai ƙugu ya biyo baya. Da safe jikina a sanƙare kamar itace, sai hantsi yake ɗan saki. Ga zazzaɓi, ga rama.

Na sha maganin maleriya, na sha na taifot. Mai gyaran targaɗe ya murje ni har na yi masa ihu. Shiru.

A asibiti aka ɗebi jini, aka ce akwai kumburi a jiki, amma ba a san inda yake ba. Likita ya ce ramar nan ba ta kwanta masa a rai ba, sai an yi hoton jiki gaba ɗaya da ake kira PET, kuma sai an je Legas. Yana fita, 'yata Hadiza ta bi shi waje.

Na san wannan fitar, domin ni ma na taɓa yin ta. Lokacin da ciwon daji ya kama mahaifinsu, a bakin ƙofa likita ya gaya mini. Na share hawaye na koma na ce masa gyambon ciki ne. Haka muke yi, wai kada mara lafiya ya karaya. Har ya rasu ban faɗa masa ba.

To, ni za a yi wa wayo?

Hoton da tsada, amma yara suka biya ba ko gunaguni. Wannan ma ya ƙara mini zargi.

A Legas suka hana ni cin komai, suka yi mini allura, na kwanta kusan awa guda ba motsi, sannan suka tura ni cikin na'ura. Ina ciki ina raba wa dangi zannuwana a zuci.

Da sakamako ya fito Hadiza ta shigo da fara'a. "Mama, ba daji ba ne!" Ta miƙo mini wasu 'yan ƙananan ƙwayoyi. Na ce to. A raina na ce na lallashi ne. Kwana goma ina tura su ƙarƙashin katifa, ga ciwo yana cina.

Da ta gano sai ta fashe da kuka. "Mama, me na yi miki?"

Na ce, "Abin da na yi wa babanki."

Washegari ta mayar da ni asibiti. Likita ya juyo da kwamfutarsa gabana. "Hajiya, ga ki nan tun daga kai har ƙasa. Kin ga inda ya haska? Kafaɗu biyu, ƙugu biyu. Kumburi ne, babu ƙari ko ɗaya." Ya ce sunan ciwon polymyalgia rheumatica, kuma waɗanda suka haura hamsin yake kamawa. "Ki sha maganin kwana uku, ki dawo ki ƙaryata ni."

A kwana na uku na yi kabbara hannuwana suka kai kunne. Na yi kuka sosai, na kuma ji kunya.

Alhamdulillahi, yanzu ina girkina da kaina. Na gode wa likitana, da 'ya'yana, da ku masu yi mini addu'a.

Masu shekaru, ciwon kafaɗa da ƙugu da ke sanƙarar da mutum da safe ba na tausa ba ne, ku je asibiti. Maganin kuma ba a yanke shi farat ɗaya, likita ke rage shi a hankali. In sabon ciwon kai ya taso ko gani ya dushe, kada a jira.

Jiya na tambayi Hadiza, "Tsakaninki da Allah, da daji ne, da kin gaya mini?"

Ta ce, "A'a, Mama."

Ban ga laifinta ba, a wurina ta koya. Amma daga yau duk likitan da zai yi magana a kaina, a gabana zai yi ta.