Bayan Kaset ɗin Yaya Garba

Ranar Juma'ar nan mai zuwa Yaya Garba zai cika shekara goma sha uku da rasuwa. Duk shekara idan ranar ta zagayo mukan shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidanmu a Zangon Kwatano, a yi addu'a, a raba waina, a watse. Bana kuwa tun da watan ya kama hankalina bai kwanta ba. Muryar wana ta dawo duniya ba da saninsa ba, tana kuma neman jawo wa amininsa masifa. Ni ne sanadi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, gara in faɗa da kaina.

Yaya Garba kayan gyaran mota yake sayarwa. Amininsa Metir Dosu malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ɗan ƙabilar Fon, Kiristan da Lahadi ba ta wuce shi, gidansa a Zogbo. A bakin iyayen ɗalibansa na Zango ya tsinci Hausa, har ta zauna masa. Lokacin da taron ƙasa ya kawo ƙarshen mulkin soja, ya kwance bakin jama'a, mu da muka saba magana ƙasa-ƙasa muka wayi gari kowa ya zama mai jawabi. Wasu suka kama siyasa, wasu jarida. Su biyun nan kuwa, don neman magana, suka ɗauko abin da kowa ke kauce wa: tsakanin Musulunci da Kiristanci, wane ne addinin zaman lafiya, wane ne na zubar da jini?

Kowace Asabar bayan la'asar suke zama a kan benci a ƙofar shago, da rakoda a tsakaninsu. Ni ma ina da iyalina a lokacin, amma Yaya ya naɗa ni mai juya kaset, ba albashi, ba damar sa baki.

Muhawarar tana da doka ɗaya. A fuskar farko ta kaset kowa ya soki addinin ɗan'uwansa iya ƙarfinsa. Metir zai miƙe ya lissafa yaƙe-yaƙe, ya ce da takobi muka ci ƙasashe, ya ce har yanzu ƙanshin ƙarfe bai bar mu ba. Yaya zai gyara hula ya tambaye shi su wa suka tsaya a bakin tekun nan suna sa wa bayi albarka kafin a loda su a jirgi, su wa suka shigo da littafi a hannu ɗaya, bindiga a ɗayan. Ba sa raga wa juna ko kaɗan. Baƙon da ya tsaya sai ya ɗauka yanzu za a ba hammata iska.

Da kaset ya ƙare sai in juya bayansa, su kuma su sauya wurin zama. Daga nan Metir ne lauyan Musulunci, Yaya lauyan coci. Wallahi na ji Metir yana bayanin cewa babu tilas a addini da hujjojin da ban taɓa ji a bakin mai wa'azi ba, yana ba da labarin yadda matan Zango suka yi jinyar mahaifiyarsa ba su tambayi me take bautawa ba. Na ji wana, mutumin da sahun farko bai taɓa kuɓuce masa ba, yana magana a kan yafiyar Annabi Isa har muryarsa na rawa. Yakan ce wanda bai iya kare addinin maƙwabcinsa ba, bai isa ya soke shi ba. Ba su taɓa yanke hukunci ba. Kiran magariba ne ke raba su, Metir ya tsare shago har Yaya ya dawo daga masallaci.

Bara na kwashi kaset ɗin nan na kai wa wani mai shago a Agla ya zuba min su a waya, don jikoki su san muryar kakansu. Mutumin kirki ne, ba ni da abin faɗa a kansa. Sai dai a zamanin waya ya tashi, bai san kaset yana da baya ba. Fuskar farko kaɗai ya kwafa. Ni kuma da na ji muryar Yaya hawaye suka hana ni saurara zuwa ƙarshe, na tura wa dangi nan take. Damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakin ajiya kamar yadda ya saba a garin nan, ya jiƙa kwalin kaset ɗin har suka manne. Bayan kaset ya tafi ke nan.

Magana zarar bunu ce. Daga dangi ta fita, wani ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Yau a Zango matasa suna sa muryar Yaya suna kabbara, wai zakin da ya murƙushe Kirista. A unguwannin su Metir ana yaɗa wannan muryar a matsayin shaidar abin da ke cikin zuciyar Musulmi. Shi Yaya yana kwance, babu mai iya taɓa shi. Metir kuwa yana raye, ya haura tamanin, kuma minti guda na maganarsa a kan takobi yana yawo da sunansa da unguwarsa.

Da a shekarun baya ne da an yi dariya an wuce. Yanzu zamani ya sauya. Fataken shanu da ke saukowa daga arewa suna zuwa da labaran da ba sa son ƙarasawa. A tasha an fara kallon mai gemu sau biyu, mu ma mun fara ƙirga masu gicciye a wuya. Ba a yi komai ba tukuna, Allah Ya sa kada a yi. Amma ruwa ba ya tsami banza. Makon jiya wasu samari uku, waɗanda na halarci sunan kowannensu, suka tare ni bayan sallar azahar. Babbansu ya gaishe ni da ladabi, sannan ya ce, "Baba Isuhu, tsohon nan zai zo addu'a bana ma?" Na ce musu wasa ne, akwai sauran magana a bayan kaset. Ya ce, "To a sa mana mu ji." Ba ni da abin sawa.

Nakan tambayi kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan. Ina jin ba zai zargi waya ba, ba zai zargi samarin ba. Zai ce sun ji rabin magana ne, kuma rabin da suka ji ba ƙarya ba ce, shi ya sa take da dafi. Daga nan zai jawo benci.

Shekaranjiya na hau zemijan, babur ɗin hayar garin nan, na tafi Zogbo in roƙi Metir kada ya zo. Tun rasuwar Yaya bai taɓa fashi ba. Yakan zauna a gefen tabarma, hularsa a gwiwa, har a shafa. Ya saurare ni ya gama, sannan ya ce, "Ƙanena, kaset ya lalace, ni ban lalace ba. Duk abin da na faɗa a bayansa yana kaina. Ranar Juma'a a kawo waya, in kare Musulunci a gaban yaran nan. Amma doka doka ce. Sai wani ya zauna a wurin Garba ya kare coci. Kai ne."

Na ce zan yi tunani. Ya rako ni har bakin titi.

Ni, Isuhu, a ƙofar gidanmu, da muryata, in yabi addinin Kirista, alhali na san yadda ake yanka magana? Na san kalmomin, na ji su shekara da shekaru. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye ba. Yaya ya bar min gida, ya bar min shago, ya bar min amini. Ashe abin da ya fi duka yana buƙatar mutum biyu, kuma ɗaya ne ya rage mai ƙarfin halin yin sa.

Na rubuta wannan ne don rubutu ya fi min sauƙi, alhali na san samarin nan ba sa karanta jarida. Metir ya aiko ɗazu cewa ranar Juma'a bayan la'asar zai iso, kuma ba ya son rakiya. Allah Ya jiƙan Yaya Garba. Saura kwana uku.