Tutar da Ba Tawa Ba

Bayan na gama bautar ƙasa, na daɗe ina addu'a a kan maganar zuwa ƙasar waje koyar da Turanci. Ni ba mai saurin yanke shawara ba ce. Na yi azumi, na ga fasto, na sake komawa wurinsa har ya fara gajiya da ni. Daga ƙarshe dattawan cocinmu na Kafanchan suka ɗora mini hannu, zumuntar mata suka raka ni tasha da waƙa, na kama hanyar Guangzhou ta ƙasar Sin.

Makarantar ta ƙananan yara ce, a saman wani bene kusa da titin Huanshi Lu. Mai ita kowa laoban yake ce masa, wato maigida. Ranar da na fara aiki ya ce in iyaye sun tambaya, daga Amurka nake. Na ce masa ba zan bi mutane ina shelar ƙasata ba, amma duk wanda ya tambaye ni gaskiya zai ji. Ya yi dariya, ya ce ba mai tambaya. Ba a kuwa tambaya ba. Na koyar da yarana iyakar ƙoƙarina, kuma ina jin, ko da yake ba ni ce ya kamata in faɗa ba, sun koya.

Sai shekarar da ƙasar za ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik ta zo. Aka tsaurara biza, 'yan Afirka suna ta tattara kaya. Tawa bizar a hannun makaranta take, kuma ta kusa ƙarewa. A cikin haka laoban ya shirya wa iyaye biki: kowane malami baƙo zai ja ajinsa a layi, riƙe da tutar ƙasarsa. Na shigo da safe na tarar da tutar Amurka a kan teburina.

Na tambaye shi ta Najeriya. Ko kallona bai yi ba.

"Meyo," ya ce. Babu.

Babu? A garin da ake ɗinka komai, daga hular jariri har tantin biki? Raina ya ɓaci ƙwarai, amma ba na so in yi abu cikin fushi. Ranar Lahadi na kai maganar wurin ɗan'uwan da ke jagorantar sujadarmu a wani ɗakin otel. Ya saurare ni yana duba agogo.

"'Yar'uwa, tuta ai ƙyalle ce. Ba za ki ce komai ba, riƙewa kawai za ki yi. Allah ya buɗe miki ƙofa, ke kuma ki rufe saboda ƙyalle?"

Na ce, "To in uwar yaro ta gan ni da ita, me za ta ɗauka?"

"Wannan ita ta sani."

Mutumin nan da bakinsa ya koya mana cewa rayuwarmu ce wa'azinmu a ƙasar da ba a bari a yi wa'azi. Wataƙila tausayina ya ji, ban sani ba. Amma har yau maganar ba ta bar ni ba.

Akwai wani Alhaji ɗan Kano mai sarin fitilu, da muke haɗuwa wurin cin tuwo a unguwar Xiaobei. Na ba shi labari, ya yi dariya har ya ƙware.

"Iye, Malama Ba'amurkiya! Yaya mutanen Amurkar Kafanchan?"

"Alhaji, ba wasa nake ba."

"Na sani. Tuta ce babu? Ki ba ni zuwa gobe. In kina so ma kwantena guda zan sa a ɗinka."

Washegari ya miƙo mini ita a leda, kore, fari, kore. Ya ce, "Amma fa ki sani, mutumin nan ba tuta ya rasa ba."

Na sani. Ina iya ɓoye ta sai ranar biki in ɗaga ta a gaban kowa, amma na ga yin haka kunyata laoban ne, kuma a ƙarƙashinsa nake aiki. Don haka ana gobe biki na shiga ofishinsa, na shimfiɗa ta a kan tebur, na ce cikin ladabi ga abin da zan riƙe, ko kuma in fito hannu sake. Ya dube ta, ya dube ni, ya ce gobe in huta a gida. Da na tambayi maganar biza, sai ya ce ai hukuma ce ta ƙi. Ko kai takardun bai yi ba.

Ban zauna a gida ba. Na tsaya a tsallaken titi na kalli bikin. Wani bature ne a gaban ajina, ɗalibi daga gabashin Turai wanda ni nake gyara masa Turancin darasinsa kafin ya shiga aji. Shi aka ba tutar Amurka. Yana kaɗa ta, iyaye suna tafi, yarana suna rera waƙar da na sha wahala kafin su iya. An ce an gaya musu na koma gida Amurka.

Kafin a rufe wasannin ina filin jirgin Baiyun, ni da akwatina ɗaya a cikin layin 'yan kasuwa da kwalayensu. Ba korar ce ta fi cin raina ba. Ko sallama ba a bar ni na yi da yaran ba, kuma duk wanda ya tuna ni a cikinsu, Ba'amurkiya yake tunawa.