Hanyar Bayan Rijiya

A Dogon Dutsi na fara aikin gwamnati, shekarun farko bayan Faransawa sun miƙa mulki. Ni ɗan Tibiri ne. Karatuna bai wuce na ƙaramar lakwal ba, wato firamare, sai ɗan horon da aka ba mu kafin a rarraba mu. Daga baya na daɗe a Yamai, har na shugabanci sashen da ke duba dokar lafiyar ma'aikata: wa gwamnati za ta yi wa magani, wa za a riƙe wa gurbin aikinsa in ya kwanta, wa kuma za a ce wa Allah ya sawwaƙe a sallame shi. Amma maganar da ta fi zauna mini a rai ta farkon ce. Zan faɗe ta bi da bi, don ba na son labari mai tsalle.

A lokacin ni komi ne, wato magatakarda, a biron kumandan, ofishin mai mulkin yankin, kuma ban daɗe da auren wata 'yar garin ba. Dokar da muka gada ta ce in ma'aikaci ya ji ciwo a wurin aiki, ko a kan hanyar da ya saba bi daga gidansa zuwa aiki, nauyinsa na kan gwamnati. In kuwa ya ratse don wata buƙata tasa, nauyinsa na kansa. Na haddace wannan sarai, kuma ina alfahari da hakan.

Wata safiya da damina aka kawo wani leburan gyaran hanya gidan likita, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Magidanci ne, ya girme ni, ba shi da yawan magana. Mai jinyar garin wani Babarbare ne daga gabas, kowa lokotoro yake ce masa. Barebari taubasanmu ne mu Arawa, don haka tun ranar da na iso garin bai taɓa kirana da sunana ba. Ya yi wa mutumin abin da zai iya, ran ya tsira, amma ƙafar ta kumbura, naman ya fara baƙi. Sai ya tako har biro.

"Kai bawana, ajiye alƙalamin nan ka saurari ubangidanka. Ƙafar nan ta fi ƙarfina. In ba a kai shi Yamai ba, za ta ruɓe a yanke ta. Kamyon nan, babbar motar da ke zuwa can, zai biyo jibi. Ka sa shi ciki."

Na ce masa aiki yana da tsari. Da farko a san inda abin ya faru, sannan a san me ya kai shi wurin, sannan kumandan ya sa hannu.

"Sannan a binne ƙafar, ka sa hannu kai ma," in ji shi.

Matsalar ita ce ba a kan hanya aka tsince shi ba. An same shi cikin ciyawa, bayan wasu sabara, gefen hanyar da ta fito daga tsohon gari, kuma takalman da aka raba wa leburori suna hannunsa, ba ƙafarsa ba. Shugaban leburorin ya riga ya yanke nasa hukunci: can gaba kaɗan akwai gidan wata mai dafa burkutu, to ina kuma zai nufa? In haka ne, babu kamyo, babu asibitin Yamai, aikin ma ya tafi. Mutumin yana da mata da yara ƙanana, gonarsa kuwa ba ta ciyar da su shekara.

Na tafi gidan likita na zauna gefen tabarmarsa.

"Yayana, mi ya kai ka cikin ciyawa?"

"Na kauce ne, Malam komi."

"Ka kauce ma mi? Mota? Shanu?"

"Na dai kauce."

"An ce burkutu ka nufa."

Ya dubi rufin ɗaki. Can ya ce, "In sunka ce haka, to."

Lokotoro yana tsaye bakin ƙofa yana wanke hannu. "Ka ji Arawa," ya ce. "Mutumin da ko goro sai an roƙe shi yake ci, ya yarda a ce mashayi ne. Ku dai Allah ya yi ku da taurin kai, ya bar mu da wahalar kiwonku."

Na ce masa ya kula da allurarsa. Amma maganarsa ta tsaya mini, don gaskiya ce.

Ni ɗabi'ata ce in za a duba wuri, a duba shi a irin lokacin da abin ya faru. Washegari, ana idar da sallar asuba gari ya soma haske, na tafi na zauna gindin wani gawo inda nake hango hanyar. Hanya ce miƙaƙƙiya, ta bi dab da wata rijiya. A wannan lokaci dattijan matan unguwar ke taruwa bakin rijiyar, 'yan mata na ja, su suna zaune kan kututture suna ba da umarni.

Samari biyu suka zo, suka wuce ta gaban matan suna gaisuwa da ƙarfi. Wani bafatake da jakinsa ma ya wuce. Sai ga wani magidanci da hauya a kafaɗa. Yana kusantowa ya rage sauri, ya miƙa wuya ya leƙa rijiyar, ya sunkuya ya tuɓe takalmi, ya faɗa cikin sabara. Ban sake ganinsa ba sai can gaba, ya fito kan hanya yana karkaɗe ƙafa. Bayansa wani ya yi haka. Bayansa wani. Matan kuwa duk sun juya fuska wani gefe kamar suna kallon hadari.

Ba sai an yi mini bayani ba. A ƙasarmu mutum ba ya haɗa hanya da uwar matarsa. Ba ya tsaya gabanta da takalmi, ba ya kama sunanta, ba ya ma ce ya gan ta. Na tashi na shiga sabarar. Ashe akwai hanya a ciki, siririya, ƙasarta ta daddale ta yi santsi, ta kewaye rijiyar ta baya ta koma ta haɗe da babba. Ƙafafun surukai ne suka yi ta, tun ban san yaushe ba.

Na koma wurin majinyacin. Na rage murya na ce, "Yayana, ranar nan tana bakin rijiya?"

Ya ja mayafi ya rufe fuska. "Malam komi, bar zancen ga, don Allah."

Na bar shi. Amsar ta ishe ni.

Kumandan namu mutumin yamma ne, daga bakin kogi, ya yi karatu mai zurfi, kuma ba shi da mugunta, sai dai ba ya yarda da abin da bai gani ba. Ya shimfiɗa taswirar gari a kan tebur ya ce in nuna masa hanyar. Na ce ba ta ciki. Ya ce to shi bai san hanyar da ba ta cikin taswira ba. In ya yarda da wannan, gobe duk wanda ya faɗi a dawa zai ce surukarsa ya gani. Na ce, "Ranka ya daɗe, doka ba ta ce hanyar taswira ba, hanyar da aka saba bi ta ce. A zo a gani." Ya ce zai zo da safe, amma in ɓata masa lokaci na yi, ni zan ji a jikina. Kamyon kuwa da hantsin ranar zai biyo.

Da safe muka fita a ƙasa: kumandan a gaba, gardinsa a bayansa da bindiga, ni a gefe, sai lokotoro da ba wanda ya gayyace shi. Na shirya bayanina tun a gida. Muna tafe ina cewa, "Na farko, ranka ya daɗe, ga gidan mutumin can. Na biyu, ga wurin aikinsa can gaba. Na uku, tsakaninsu ga rijiya. Na huɗu…"

A nan na ji wata murya daga bakin rijiyar tana faɗa wa wata yarinya kada ta cika tulu har baki. Na san muryar. Uwar matata ce. Gidansu yana can ƙarshen unguwar, kuma jiya ba ta fito ba.

Ban tuna na yanke shawarar komai ba. Abin da na sani shi ne na huɗun nan daga bayan sabara na ƙarasa shi, takalmana a hannu. Na waiwaya sai ga gardin a bayana, yana fama da igiyar babban takalminsa, bindiga na zame masa daga kafaɗa. Shi da dokar aikinsa ta hana shi barin kumandan ko da taku guda. Muka dubi juna, ba wanda ya tambayi wani.

Kumandan ya tsaya shi kaɗai tsakiyar hanya. Lokotoro ya durƙusa yana dariya har da hawaye.

"Ranka ya daɗe, ga gwamnatinka can cikin ciyawa! Da komi da soja, tsofaffi biyu sun kore su ba ko sanda. Ai da Barebari aka ba ka ka huta!"

Wata tsohuwa daga kan kututture ta ɗaga murya ta ce, "Kumandan, kai ba ka da kowa nan. Wuce abinka."

Bai wuce ba. Ina leƙensa ta tsakanin ganye, na ga ya matsa kusa da su, ya cire hularsa, ya gaishe su da Hausarsa mai ɗan tauri. Ya tambaya ko a cikinsu akwai wadda ɗiyarta ke auren leburan da maciji ya sara. Sai wata siririyar dattijuwa ta ce, idonta na kan tulunta, "Ni ban san wani lebura ba. Ban ga kowa ba ranar nan." Sannan ta ƙara da cewa, "Amma ƙafar, yanke ta za su yi?"

"In an kai shi da wuri, Inna, ba za a yanke ba," in ji lokotoro, kuma wannan karon ba dariya a bakinsa.

Kumandan ya karɓi wata sanda, ya shigo sabarar da kansa, ya bi siririyar hanyar daga farkonta har inda ta fita, yana buga ciyawa. Da ya iso inda muke ya dube ni daga sama har ƙasa. "A garinmu ma ana kunyar surukai," ya ce, "amma mu ba mu kai ga yi musu titi ba. Sa takalminka, komi, kada ku zama biyu a kamyon." Muna komawa biro ya sa hannu.

Aka ɗora mutumin bisa katifa a bayan kamyon, tsakanin buhunan wasiƙu. Kafin a tashi wata yarinya ta zo da ƙwaryar fura a rufe da faifai ta miƙa masa. Aka ce daga ina, ta ce an dai aiko ta.

Sai kumandan ya yi abin da a ganinsa gyara ne. Tunda hanya ce, ya ce, to a share ta. Leburori suka sare sabarar, suka nome ciyawar, suka faɗaɗa ta har amalanke ya iya bi. Ta yi kyau ƙwarai. Amma wanda ya bi ta yanzu ana ganinsa daga rijiya tun daga hula har yatsun ƙafa. Kafin kaka magidantan unguwar sun buɗe wata siririyar can bayanta, cikin wata ciyawar. Ban kai wa kumandan wannan labari ba. Lokotoro ne ya kai masa, da ƙari.

A Yamai, duk lokacin da aka zauna gyaran dokar, akan sami mai son a rubuta hanya mafi kusa a maimakon hanyar da aka saba bi, don ta fi sauƙin aunawa. Ni nakan ƙi, kuma muddin ina kan kujerar ba a canza ba. Nakan kawo dalilai na ɗaya, na biyu, na uku. Na rijiyar dai ban taɓa kawo shi a zaure ba, don surukata ta yi tsawon rai.

Leburan ya dawo bayan an gama girbi, da ƙafafunsa biyu. An cire masa ƙaramin yatsa, yana ɗan ɗingishi, kuma ya tarar da gurbinsa. Lokotoro ya hana shi shiga ciyawa da ƙafar, ya ce in ya sake ganinsa a sabara da kansa zai kai shi gaban tsohuwar ya zaunar. Na damu da yadda zai yi, har na sake zuwa gindin gawon wata safiya in gani. Ya taho a hankali, ya iso daidai inda ake ratsewa, ya miƙa wuya ya leƙa. Matan suna nan kan kututture, amma ban da siririyar dattijuwar. Tun ranar da ya dawo ta mayar da zuwanta rijiya sai rana ta ɗaga, bayan leburori sun wuce. Ba ta faɗa wa kowa dalili ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Ya tsaya jim kaɗan. Sannan ya sunkuya ya tuɓe takalman duk da haka, ya riƙe su a hannu, ya bi miƙaƙƙiyar hanya ta gaban kututturen, inda gurbinta yake ba kowa.