Awa Biyu a Ƙofar Makarantar Soja

Ƙarfe shida saura kwata na safiyar Juma'a muka tashi daga tashar Wurno, mu huɗu: ni, da direba, da wani manomin albasa daga Rabah, da wata dattijuwa daga wani ƙauye kusa da Rimawa ta ƙasar Goronyo. Mu ukun kowa yana da ɗa a makarantar horon soja. Wata uku ke nan da aka karɓe musu waya, sai wani ɗan garinmu da ke aiki can ya aiko cewa ranar Asabar za a bar iyaye su gan su, daga goma zuwa sha biyu.

Dattijuwar ba gani kawai za ta yi ba, saƙo take ɗauke da shi. Mutanen ƙauyensu sun watse saboda 'yan bindiga, ta koma cikin Goronyo wurin ƙanwarta, kuma an san cewa ɗanta ya shiga soja. So take ta gaya masa kada ya kuskura ya nufi ƙauyen idan an ba su hutu.

Mun wuce Marnona gari na wayewa. Gero ya nuna a gonaki, wasu an yanke, wasu ba wanda ya taɓa su. A Sakkwato muka karya da koko da ƙosai, ƙosan kuwa ya ƙanƙance har mutumin Rabah ya tambayi mai tuya ko shi ma horon soja yake yi. Daga Talatar Mafara zuwa Gusau na ƙirga shinge goma sha ɗaya. Daga Tsafe zuwa Funtuwa, inda ake tsoron hanya, direba ya kashe rediyo. Mun isa garin da makarantar take bayan la'asar, muka kwana gidan wani ɗan Wurno mai sayar da tafarnuwa.

Washegari takwas da rabi muna kan layi a ƙofa. Tsarin shi ne: ka faɗi sunan yaro, da na mahaifinsa, da lambarsa, wani saje ya duba takarda, a aika a kira shi. Ni na rubuto nawa tun daga gida. Mutumin Rabah ya san suna, bai san lamba ba, aka yi masa faɗa aka wuce da shi. Sai dattijuwar.

Saje ya ce, "Mama, sunan ɗanki?"

Ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yaron nan na, dogo, mai tabo ga goshi."

"Mama, dogaye sun fi ɗari a nan. Suna nake so."

A nan na gane. Ɗan fari ne, tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. Ta faɗi laƙabin da ake kiransa da shi a gida, babu a takarda. Saje ya ce to sunan babansa. Wannan ya fi nauyi, don mijinta ne, kuma ya rasu. Mutanen baya suka fara guna-guni, aka ce ta koma gefe. Laifina a nan shi ne mun yini cikin mota ɗaya ban tambaye ta ba.

Na shiga na ga nawa. Da bai ce "Baba" ba da na wuce shi: an aske shi ƙwal, ya yi baƙi, wuya ya fito, tafin hannu duk kanta. Ya ce ana tashinsu tun kafin kiran sallah, abinci ƙalilan ne, biyu daga ɗakinsu sun gudu. Na ce kai ba za ka gudu ba. Ya ce ba zai gudu ba. Ya cinye ƙuli-ƙulin da uwarsa ta aiko a tsaye.

Sha ɗaya da rabi na fito, na same ta inda aka bar ta, da ƙullin garin fura a cinya. Na ce, "Inna, mi kike jira? Ki hwaɗa mani ga kunne, ni in rubuta."

Ta ce, "Malam, shekara ashirin da biyu bakina bai taɓa ba."

Na ce, "Saura rabin awa."

Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta faɗi sunayen biyu, na ɗa da na miji. Na rubuta na kai. Saje ya same shi a takarda nan take, ya aika. Ɗan aiken ya dawo sha biyu saura minti biyar, ya ce waɗanda ba a kira ba an riga an fita da su fili. Muka roƙa, saje ya ce ba shi da iko, kuma na yarda gaskiya ya faɗa. Ta cikin wayar shinge ta hango layin samari suna gudu da kaya a baya, kai iri ɗaya, tufafi iri ɗaya. Ta ce, "Wane na cikinsu?"  Nawa kuma ya riga ya koma ciki, balle in ba shi saƙon. Na rubuta saƙon na bar wa saje tare da furar, ya ce zai ba da.

Mun kamo hanya ranar Lahadi, mun iso Wurno kafin magariba, ta kwana, da safe ta hau motar Goronyo. Har yau ba mu san ko takardar ta isa hannunsa ba.

Abin da na koya: kunya ta gida ce, ƙofar soja ba ta san ta ba. Duk mai rakiyar uwa, ya sa wani ɗan'uwa ya rubuta suna da lamba kafin a hau mota. Kuma ina roƙon duk wanda zai je ziyara ta gaba daga Wurno, Rabah ko Goronyo, ya neme ni a tashar Wurno kafin ya tafi. Zan ba shi sunan yaron. Ya nemo shi, ya gaya masa baki da baki: innarsa tana Goronyo, kada ya je ƙauye.