Galan a Kan Motar Kawu

Jiya ina zuba wa Kawu Sani da abokansa shayi a ƙofar gidansa a Nassarawa, sai musu ya sake tashi a kan jar motarsa mai ƙofa biyu, wadda ba ta fitowa sai ranar wanki irin ta jiya.

Kawu ya dage cewa irinta kaɗan aka ƙera, nan gaba masu tara motoci har roƙonsa za su yi. Amininsa Alhaji Bala ya ce, "Haba Sani! Motar da ko buhun shinkafa ba ta ɗauka? Ko kyauta ka ba ni, sai ka haɗa min da mai turawa."

Wallahi jikin Kawu ya yi sanyi, har ya fara cewa ko dai ya rabu da ita ya huta.

Ana idar da La'asar na riga kowa fitowa, na ɗora wani tsohon galan a kan motar. Kun dai san galan a kan mota: ta sayarwa ce.

Alhaji Bala ne ya fara gani. Ya ja ni gefe yana raɗa: "Kai ja'iri, sauke galan ɗin nan kafin dillalai su gani. Ni zan saya."

Na ce, "Alhaji, a haɗa da mai turawar?"

Ashe Kawu na bayanmu. Dariya har da riƙe ciki, sannan ya ja tamfol ya lulluɓe abarsa.

Jama'a, mai yawan kushe muku kaya, ku riƙa kallon idonsa. Wa ya taɓa yi muku irin ta Alhaji Bala?